Wa Ke Ɗaga Rana?

Shekarun baya, lokacin babban fari, mu uku muka rage a gidanmu kusa da Cadawa: ni, da mahaifiyata, da ƙanenta, kawuna makiyayi. Ban daɗe da kammala karatun kimiyya ba. Kawu yana kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakol, wato makarantar boko.

Saniya ɗaya ta rage masa, kuma ba ta iya tashi da kanta. Kowace safiya sai mu zura itace ƙarƙashin cikinta mu ɗaga ta, domin saniyar da ta wuni kwance ba ta sake miƙewa. Da farko sai mun kira maƙwabta. Daga baya ni da shi mun isa.

"Mushe, kama da kyau," in ji shi wata safiya, "kada gidan nan ya tashi da mushe biyu."

Da ta tsaya, ya shafa haƙarƙarinta, ya harari ranar da ke fitowa a gabas. "Waccan ce ta shanye mini ita. Tana cin shanuna tana ƙiba."

Ni kuwa a lokacin ba na iya barin kuskure ya wuce, ko da na mai baƙin ciki ne. Na ce masa yawancin nauyin saniyar ta numfashi ya fita. Rana kuma ba ƙiba take ba. Nauyi da makamashi abu guda ne, ɗan ƙanƙanin nauyi yakan zama zafi mai tarin yawa, kuma daga jikinta take fitar da wannan hasken. Duk ƙiftawar ido nauyinta raguwa yake.

Kawu ya juyo gare ni. "Kana nufin ita ma ramewa take?"

"Tun kafin a haifi kakanninmu, Kawu."

Ya kare idonsa da tafin hannu, ya daɗe yana dubanta. "To, ita wa ke ɗaga ta da safe?"

"Subhanallahi," in ji mahaifiyata daga bakin ɗaki. Na san lissafin, amma sai ranar na ji girmansa.

Bai sake harararta ba. Har yau in na ga fitowar rana sai in ji nauyin itacen nan a hannuna.

Ruwa ya sauko daga baya, amma bai tarar da saniyar ba. Mun rasa tumaki shida, jaki ɗaya, shanu tara. Ita ce ta tara.