Tambayar da Rifkatu Ta Yi wa Shatu

Rifkatu ƴar Filibus tela ce, haifaffiyar Damagaram. Ta yi lakkwal, wato makarantar boko, tana jin Faransanci da Hausa da Barbarci, kuma ba ta taɓa ƙara ko da kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa mata ba. Don haka a farin 1974 aka ɗauke ta aikin tafinta a sansanin da ake ciyar da yara a bayan gari.

Wani lokotoro, wato likita, baƙo ya zo da takardar auna hali, tambaya talatin. Yana so ya gani ko tana auna maza da mata daidai a harsunan nan uku. Kafin ma ya gama gwajin, ya fara aiki da ita: uwar da ta faɗi a tambayoyin, a raba ta da ɗanta, ma'aikata su ciyar da shi.

Shatu ta zo da ƙafa daga Dogo, goye da yarinya ƴar shekara biyu, duk ƙashi.

Rifkatu ta karanto, "Kina nuna wa ƴarki ƙauna a gaban mutane?"

Shatu ta kau da kai. "Haba Yaya, so kike a yi da ni?"

"Yaya sunanta?"

"Tambayi maƙwabciyata."

"Ke ba ki da baki?"

"Ke ba ki haihu ba?"

Rifkatu ta gane tun daga nan. Ƴar fari ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a idon jama'a. Ita kanta ba ta taɓa kiran Ishaya, ɗanta na fari, da sunansa ba. Ta kuma ga Shatu tana tauna rabonta na dawa tana ɗura wa yarinyar a ƙarƙashin mayafi.

Ta je ta faɗa wa lokotoro. Ya saurara da kyau, ya ce in aka sassauta wa mace ɗaya, babu sauran abin da za a gwada. A tambayi kowa iri ɗaya, a rubuta abin da ya faɗa.

Rifkatu ta rubuta "a'a".

Aka kai yarinyar rumfar ma'aikata. Ba ta saba da cokali ba, ba ta saba da hannun kowa ba. Ta datse baki. Rifkatu ta gwada kunu, ta gwada madara. Sau biyu ta roƙa a dawo da uwar, aka ce a jira Litinin. Yarinyar ta rasu ranar Asabar da hantsi.

Shatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta karɓi zanen goyo ta naɗe, ta kama hanyar Dogo.

Bayan wata biyu lissafi ya nuna matan sansanin sun fi maza faɗuwa nesa ba kusa ba, duk a tambayar nan. Lokotoro ya soke ta daga takardar.

Rifkatu ta ƙara shekara ashirin da biyar tana aiki a asibiti. Ba ta sake yarda ta yi wa kowa tafinta ba, ko da a coci.