Muryar Labaran a Motar Manniru

Ana gobe bikin ƙanwar matata na sayi maganin baƙanta gemu a tashar Gwagwalada, don wata murya a lasifika ta rantse mini da Turanci cewa orijinal ne. Da gari ya waye, gemuna ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a bula. Na tafi neman mai muryar in ci masa mutunci, aka nuna mini Labaran yana gasa masara.

Labaran ɗan Yangoji ne, a gonar doya ya tashi, amma Allah ya ba shi maƙogwaro. Da ya koma Kurudu ya haɗu da Manniru, mai wata tsohuwar mota da kwalaben magani. Labaran ya zama mai yi masa talla. Bai gama firamare ba, amma Turancin talla ya zauna masa a baki: furomo, garanti, namba wan. Rabinsu bai san ma'anarsu ba, jama'a dai na buɗe aljihu.

Wata rana Manniru ya ce, "Abokina, mu ɗauki muryarka a waya, ka huta da ihu." Muryar na shiga waya aka sallami mai ita. Manniru ya koma Gwagwalada, ya kama ɗura ruwan kala a kwalabe. Duk wanda cikinsa ya ɓaci kuwa Labaran yake nema, don muryarsa aka sani. Har gida wata mata ta bi shi da muciya.

Bai kai ƙara ba. Ya sayar da akuyarsa ya sayi lasifika, ya kafa murhun masara daf da motar. Muryarsa na cewa "Orijinal" daga motar, sai ya amsa da ita ɗin dai: "Ƙarya nake yi." Ta ce "Garanti", ya ce, "Wallahi ƙarya nake yi, jama'a." Ya san daga ranar ba mai sake ɗaukarsa talla, bai damu ba.

Manniru ya ƙure sauti, ya yi zagi, ya turo a ba da haƙuri. Labaran ya ce sai an goge muryarsa a gabansa. Manniru ya ƙi, don ba shi da wata. Masu saye suka watse.

Na nuna wa Labaran gemuna na ce, "Oga, ka ga aikin bakinka."

Ya juya masara, ya ƙare mini kallo.

"Alhaji, tun damina nake ihu ina cewa ƙarya nake yi. Duk garin nan kai kaɗai ka rage kana ciyar da Manniru. Kar ka aske. Zo ka tsaya nan gefena, ka fi lasifikar nan aiki."