Kabejin da Muka Kai Gaisuwa

Jiya da yamma maƙwabciyata ta yayyafa fiya-fiya a tsakar gidanta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina duba jarrabawar ɗalibai. Wari ne tsakanin kananzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ita sauro take kora, ni kuwa kakana ta dawo min da shi, don irin warin da rigunansa suke yi ke nan a ƙarshen rayuwarsa, komai yawan sabulu.

Mai lambu ne, amma kada ka ɗauka gadon lambun ya yi. Marini ne ɗan marini, a Ƙofar Mata ya ƙare ƙuruciyarsa. Sai da atamfar kanti ta karya kasuwar rini ya ɗauki fartanya ya koma wani fili da ke cikin ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga, a bakin kududdufi. Wanda ya san wurin a yau zai ce almara nake yi, amma da rani idan ka tsaya a kan ganuwa kore za ka gani shar: salak, alayyahu, albasa, da kabejin da Malam, haka muke kiran kakan namu, ya fi ji da shi. Ƙasar jiƙaƙƙiya, kwaɗi na ta nasu karatun, mu jikoki muna bin fangali muna satar karas.

Malam ya bar marina, amma marina ba ta bar shi ba. Marini ba ya yarda da ma'auni, harshensa ne ma'auninsa. Idan ya haɗa baba da toka a rijiyar rini, yatsa yake tsomawa ya ɗanɗana ya ji ko haɗin ya nuna. To haka ya ɗauki maganin tsutsa. A kwalbar lemo ake sayar wa 'yan lambu da shi, babu suna babu rubutu, bayanin mai sayarwa bai wuce "wannan mai ƙarfi ne" ba. Sai Malam ya tsiyaya a bokiti, ya naɗe hannun riga, ya dama da hannunsa har gwiwa, ya taɓa a harshe, ya tofar, ya ce a ƙara. Daga nan ya tsoma tsintsiya yana yarfa wa ganye, iska tana maido masa da rabonsa a fuska.

Na taɓa ce masa, "Malam, an ce guba ce fa."

Ya ce, "Amarya, kishin tsutsa kike yi? Dubi girmanta, dubi nawa. Baban rini ma ɗaci gare shi, bai kashe ubana ba."

Hannun ne ya fara bayar da amsa. Kofin kunu ya soma zubewa kafin ya kai baki. Sai gumi cikin sanyin asuba, sai ƙirji yana fito kamar tsohuwar buta. Kakata ta ce sammu ne, ta yi ta turare. Kawuna, malamin firamare, ya ja shi asibiti, likita ya ce maganin feshi ne, in bai rabu da shi ba zai raba shi da duniya. Malam ya yi godiya, washegari ya koma lambu. Ba taurin kai ba ne kawai: kabejin da tsutsa ta huda ba ya da mai saye, gidan kuma kabeji yake ci da mu.

Ana cikin haka soja suka koma bariki, dab da shiga sabon ƙarni. Gari ya ɗauki wata sabuwar magana, wai romon dimokuraɗiyya, kowa ya wanke kwanonsa. Kawu, da yake ya karanta tarihin ƙasashe ya kuma gaskata shi, ya tara 'yan lambun unguwa ya ce yanzu talaka yana da baki. Za su je wurin sabon ɗan majalisarmu su nemi a hana sayar da magani a kwalbar lemo, a rubuta yadda ake haɗa shi da Hausa da ajami, a turo malamin gona, a kuma kawo irin maganin da ke kashe tsutsa ya bar mai lambu.

Malam ya yarda, da sharaɗi: ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ya ware fangali guda na kabejin gaisuwa, ya riƙa yi masa wanka da magani safe da yamma don kada ƙwaro ya ko leƙa.

Kawu ya ce, "Baba, wanda tsutsa ta ci ya kamata mu kai, ya ga halin da ake ciki."

"Ni in kai wa mutum kabeji mai ɓuli? A ce daga gidan wa?"

Ni na ɗauki kwandon a ka har Shahuci, gidan ɗan majalisar. Ɗan majalisar mutumin kirki ne, ka rubuta wannan ka ajiye. Ya sauko daga kujera ya durƙusa ya gaida dattawa. Kawu ya zuba jawabi mai kyau. Amma idon mai gida yana kan kwando. Ya ɗaga kabeji ɗaya yana juyawa, fes, kamar an goge shi.

"Ikon Allah! Malam, da maganin da ake kuka da shi aka samu wannan?"

"Da shi ne, ranka ya daɗe."

"To ai magani ya yi! Na gane, tsada ce damuwarku, kunya ta hana ku faɗa. Ku bar min wannan, na yi muku alkawari."

Kawu ya ce, "Baba, don Allah nuna masa hannunka."

Hannun yana can cikin babbar riga, inda Malam ya ɓoye shi tun daga ƙofa. Dattijon birni bai saba baje raunin jikinsa a zauren wani ba, balle a gaban jikarsa.

Ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Ana yawan cewa 'yan siyasa ba sa cika alkawari. Namu ya cika. Ba a jima ba mota ta sauke jarkoki a bakin lambu, da makaɗa, da ɗan rediyo. Maganin nan ne dai, kyauta. Abin kyauta kuwa ba a yi masa rowa. Wanda a da yake tsiyaya murfi ɗaya ya koma zuba kofi. Kawu ya koma Shahuci ya sake komawa, har masu gadi suka sa masa suna Malam Tsutsa.

Malam bai ga damina ba. A bakin fangali aka same shi, bokiti a gefensa. Ɗan majalisar ya zo ta'aziyya da hawayensa na gaske, ya ce, "Allah sarki, mai kabejin nan? Wallahi iyalina har yau suna zancensa."

Lambun yanzu gidaje ne da shagunan siminti, kududdufin an cike shi da bola. 'Yan lambun da suka rage an tura su can bayan gari, inda suke ban ruwa da abin da kwatocin birni suka zubar. Zaɓe ya zo ya wuce, ya sake zuwa. A na bayan nan an ba ɗan kawuna, wanda ya riƙe sana'ar, injin feshi na goyo, sabo fil, da hoton ɗan takara manne a jiki yana murmushi. Babu safar hannu, babu takunkumi. Ya kawo min in sa albarka. Na sa, don ban san abin da zan sa ba in ba ita ba. Da ya miƙo hannu zai karɓa, sai na kau da kai, ban duba ko hannun ya fara irin na Malam ba.