Hujin da Ke Hoton Yaya Bulus

Shekara ashirin ke nan cif da muka binne yayana Bulus mai hoto, kuma yau zan faɗi abin da ko mijina ban taɓa gaya wa ba: na fara manta fuskarsa. Muryarsa tana nan a kunnena, har warin ruwan wanke hoto da ba ya rabuwa da rigarsa ina jinsa. Amma in na rufe ido ina neman fuskar, sai ta ƙi tsayawa. Laifin kuwa nawa ne.

Da hoton biki da na fasfo yake cin abinci, amma zuciyarsa tana kan titi. A zamanin soja, duk wanda ya ɗaga kamara a bakin gada ko ƙofar kamfani sai ya yi bayani, wani lokaci da jikinsa. Shekarar da soja suka koma bariki, Yaya ya fito da kamararsa daga cikin jakar buhu ya rataya ta a ƙirji, yana yawo kamar wanda aka ba wa sarautar kudancin Kaduna. Ni lokacin ina aikin tafireta a ma'aikatar gwamnati, kuma ban ɓoye masa ba cewa a ganina ɓarnar fim yake yi.

Yana da dokoki da ba ya karyawa. Ba ya sa mutum a tsakiyar hoto, sai a gefe, ya bar masa fili a gabansa. "Mai tafiya yana bukatar inda zai je, Rahila," haka yakan ce. Yakan durƙusa a ƙasa don wayoyin lantarki da bakin kwata su ja ido zuwa ƙarshen layi. In ya sami lungun da haske ya faɗa masa daidai, sai ya saita komai ya tsaya, ya yi ta jira har wani ya shigo wurin da ya tanada. Na taɓa raka shi Tudun Wada muka yi tsayuwar da ƙafata ta yi tsami, duk don wata mai tallan awara ta gifta ta bakin wani zaure. Na ce masa mai haƙuri ma da ya dafa dutse ai ya sha romo, ni me zan sha? Ya saya mini awarar.

Akwai hoton da ya ɗauka a unguwar Kudenda da safe, lokacin da ma'aikata ke tururuwar shiga kamfani. Ya kafa kamarar a kan ƙafafunta, ya bar idonta a buɗe na ɗan lokaci. Da aka wanke, ƙofar ƙarfe da bango sun fito raɗau, mutanen kuwa sun zama kamar hayaƙi, ana hango bango ta cikinsu. Na yi masa tsiya na ce ya ɗauko fatalwa. Bara na wuce ta wannan ƙofa a keke mai ƙafa uku, na tarar da ita a garƙame, ciyawa ta kai gwiwa. Abin da na gani shi ne hoton nan, sai dai hayaƙin ma ya watse.

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin Barnawa bai taɓa yarda wani ya ɗauke shi ba. Wuri ɗaya tak ya fito. A shagon abokinsa Malam Sani mai aski, a nan Barnawa, ya ɗauki babban madubin da ke kallon titi. A cikin madubin ga mai achaba, ga tela da kekensa, ga wata mata da Littafi Mai Tsarki a hannu tana gaisawa da mai tsire, a lokacin da mutanen Kaduna suka fara ƙaura saboda rikicin addini, kowa yana neman gefen kogin da nasa suke. Can a kusurwar ƙasa kuma ga Yaya, kamara a daidai cikinsa, fuskarsa ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ya ce duk rayuwarsa bai yi wanda ya kai wannan ba. Kwafi ɗaya ya wanke, fim ɗin kuma ruwan da ya taɓa shiga ɗakinsa ya cinye shi.

Babbar dokarsa ita ce ba a datse hoto. "Abin da na bari a gefe, da gangan na bar shi," in ji shi. Na sha jin wannan magana har ta gundure ni.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba. A wajenmu kuwa ba a jana'iza sai da takardar tsarin sujada, da fuskar mamaci a bangonta. Dattawan coci suna jira, dangi sun taso daga ƙauye, mun zazzage akwatunansa kaf, fuskokin ɗaruruwan mutane, babu tasa. Na ɗauki hoton madubin na kai wa mai buga takardu. Ya juya shi ya ce, "Anti, wannan ai kasuwa ce. Fuskar kawai za ki ciro mana, mu ƙara mata girma, no wahala." Ya miƙo mini reza. Na karɓa na yanke fuskar nan take. Ina sauri, ina jin ni ce mai hankalin gidan.

Da takardar ta fito, abin da ke bangonta wani dusu-dusu ne mai ramuka biyu a wurin ido. Mamanmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan wane ne?" Na koma neman guntun da na yanke, aka ce an share shago. Da na sani ƙeya ce. Na lalata hoton da ya fi so don in ceci fuskarsa, na tashi ba hoton ba fuskar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da kowa ke da kamara a aljihu, kowa ya cika hoto da kansa har ba a ganin garin da yake tsaye a ciki. Ina jin zai yi dariya ya ce an huta da sayen fim. Amma na san zai nemi masu jira ya rasa. Garin da ya ɗauka ma ya sauya: Malam Sani ya koma hayin arewa na kogin tun tuni, shagon ya zama na cajin waya, madubin ban san inda ya shiga ba.

Abin da ya rage mini shi ne sauran hoton, da huji mai kusurwa huɗu a ƙasansa. Da can ba na iya kallonsa. Yanzu da na yi ritaya, in hantsi ya dubi ludayi nakan ɗauko shi in tsaya a tagar gidana a Barnawa, in ɗaga shi daidai idona. Ta hujin ina ganin ɗan yankin titi, da bakin kwata, da inuwar mangwaron maƙwabta. Sai a lokacin na gane abin da ya koya mini ba tare da na yarda ina koyo ba: a saita wuri, a bar fili, a yi shiru.

Mutane suna shigowa su fita, mai ruwa, 'yan makaranta, mata masu dawowa daga taron zumunta a coci. Ƙafata takan yi tsami kamar ranar nan a Tudun Wada, amma ba na zama. Na san wanda nake jira ba zai gifta ba. Duk da haka na bar masa wurinsa.