Tsororon Mudun Hajiya Asabe

Ina cikin siton ƙungiyarmu a Gada Biyu ina kakkaɓe buhuna, da hantsi, aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Hajiya Asabe rasuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhu, kunya ta riga hawaye zuwa.

Ita ta kafa ƙungiyar, muna raba wa zawarawa masara, ni kuma nake riƙe da makullin sito. Da tsadar rayuwa ta zo, masu ba mu gudummawa suka janye ɗaya bayan ɗaya, sai wani alhaji kaɗai ya rage, shi ma da sharaɗin kada hatsinsa ya wuce unguwar Ali Kazaure. Hajiya ta ce, "Bana kowa zai ci, amma ba wanda zai ƙoshi."

Daga nan na lura da abin da ya hana ni sukuni. Da, mudu da tsororo take aunawa. Sai ta koma share bakinsa da tafin hannu, abin da ya zubo ya faɗa wani buhu a ƙarƙashin tebur. Duk Alhamis sai ta ɗora buhun a keke ta tafi ita kaɗai. Ni dai ban yarda da mutum ba idan hatsi ya yi tsada. Na tambaye ta, ta yi murmushi ta ce, "Binta, ki bar idonki ya huta." Ban bar shi ba. Na kai ƙararta gaban kwamiti na ce sayarwa take yi. Ba ta kare kanta ba, kuma har ta kwanta ciwo wasu na yi mata kallon ɓarauniya saboda bakina.

Ranar uku, zawarawa Kiristoci suka cika gidanta daga Anguwan Rukuba. Wata tsohuwa, Mama Rifkatu, ta kama hannuna ta ce, "Kai ne Binta mai sito? Hajiya ya ce kai ne kana ajiye mana masara na Alhamis. Allah ya yi maka albarka." Ashe su take kai wa buhun, da sunana.

Ya Allah Ka jiƙan Hajiya Asabe, Ka haskaka kabarinta, Ka ba 'ya'yanta haƙurin rashinta. Ni kuma Ka yafe mini, don ban samu na roƙe ta gafara ba. Alhamis mai zuwa ni zan ɗauki buhun.