Wata uku ina zaɓen kwamfuta

Shekarun baya, likita a Sakkwato ya gaya mana cewa ganin mahaifiyata yana raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A mota muna komawa Illela ba ta yi maganar magani ba. Cewa ta yi in tattaro mata bidiyon bukukuwan aure da na suna na danginmu, ta kalla a talabijin tun da sauran ido.

Abu mai sauƙi. Amma ni malamin makaranta ne, sauƙi ba ya burge mu. Na tara faya-fayen sidi da memori daga 'yan uwa, tun daga Garu har Ƙonni, sannan na yanke shawarar haɗa kwamfuta guda wadda za ta zama rumbun gida, kowa ya kalla ta waya ko talabijin. Na ja layi a littafi kamar mai shirya jarrabawa: wane akwati ne ke ɗaukar faifan ajiya huɗu, wace fanka ce za ta jure zafin bazara, wanne ne ba zai shanye batirin solarmu kafin la'asar ba. Na karanta muhawarar mutanen da ba su taɓa ganin an ɗauke wuta ba. In zaɓa da safe, in soke da azahar. Ko a aji hankalina na can.

Wata uku ina haka. Wata Juma'a na kai littafin shagon abokina mai gyaran kwamfuta a kasuwa. Ya buɗe shafi biyu, ya rufe.

"Malam, mi kaka jira? Inna za ta yi kallo ko banki za ka buɗe?"

Na fara yi masa bayanin zafin faifai. Bai saurara ba. Ya jawo wata tsohuwar kwamfutar ofis daga ƙarƙashin benci, ya hure ta, ya ɗaura mata faifai biyu.

"In guda ya mutu, guda na nan. Ɗauki, ka ba ni wuri."

Washegari muka kunna. Inna ta jawo kujera har gaban talabijin, hancinta kusan a jikin gilashi. Muka sa bikin ƙanwata. Marigayi mahaifina ya ratso tsakar gida cikin farar riga, ina jira ta yi magana. Ba ta gane shi ba. Sai da ya yi gyaran murya ya ce a shimfiɗa wa baƙi tabarma, sannan ta miƙe zaune.

"Ashe shi ne. Maido min baya."

Kwamfutar tana nan har yau, ba ta taɓa ba ni matsala ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Na tambayi likita ko da a ce na kawo kwamfutar tun watan farko, da Inna ta ga fuskar mahaifina. Ya ce ba zai iya sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma ban daina tambaya ba.