Murhu Mai Bututu Don Baba Ilu

Dir'iyya, biyar da rabi na asuba

Ku da ke gida kuna zaton Riyad zafi ne kawai. To sanyinta na Janairu har ƙashi yake ratsawa. Ranar Asabar, ana idar da sallah, na fito daga gonar dabinon da nake gadi a Dir'iyya, bayan garin Riyad, na bar Baba Ilu yana tari cikin barguna biyu. Dattijo ne mutumin Maraɗi, shi ke ba itatuwa ruwa, ɗaki ɗaya muke kwana. Lantarkin ɗakin ba ya ɗaukar hita, kana jonawa yake ɗaukewa.

Mako guda kafin nan ya yi abin da kowa ke yi a gida: ya cika kasko da garwashi, ya shigo da shi, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ɗakin ƙasa na garinsu iska na ratsa shi ta azara da asabari. Namu siminti ne, ƙofar ƙarfe mai roba a baki. Hayaƙin ya sumar da Baba, ta ƙafa na jawo shi waje, sai da ya yi amai ya farfaɗo. Shi ya sa da zan fita na ɓoye kaskon a bayan tankin ruwa, na ajiye masa wayata ko da wani abu.

Ya ce, "Ɗana, ka ɗauke mini wuta ka bar mini waya. Ita za ta ɗumama ni?"

Na ce, "Baba, kafin azahar zan dawo da murhu mai bututu, hayaƙi waje, ɗumi ciki."

Shumaisi, bakwai da rabi

Habu, ɗan Gusau mai a-kori-kura, shi ya ɗauke ni. Tafiyar kilomita ashirin ce zuwa unguwar Shumaisi, amma mun ci minti ashirin da biyar a shinge ana duba iƙama, katin izinin zama. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis na riyal biyar. Na tambayi 'yan'uwanmu masu shago inda ake sayar da murhu, suka tura ni wajen wani Bahindiye, ya yi ta fito mini da na gas, na girki. Awa guda ta tafi a banza kafin wani tela ya gane nufina, ya yi mini dariya, ya ce a nan daffayat hatab ake cewa, kuma sai a haraj, babbar kasuwar gwanjo ta kudancin gari.

Haraj, sha ɗaya saura

Wani ɗan ƙasar Yaman ya jera mini kala uku. Na farantin ƙarfe mai kama da gwangwani, riyal ɗari da hamsin, nan da nan yake zafi, nan da nan yake hucewa. Na ƙarfen zubi, ɗari shida, mutum biyu ke ɗaga shi, amma yana riƙe ɗumi har safiya. Sai wani mai tagar gilashi na 'yan gayu, wanda ko kuɗinsa ban tambaya ba.

Ni mutum ne mai nawa wajen zaɓi, ko takalmi sai na zagaya kasuwa sau uku. Na ƙwanƙwasa wannan, na leƙa cikin wancan, na tafi na dawo. Habu ya ce ko mata zan aura ai ya ci a ce na yanke shawara. Ina cewa a ba ni na zubin aka kira azahar, aka ja ƙofofin shaguna. Bayan sallah na biya, sai mai shagon ya ce ai ba ya sayar da bututu, layin maƙera ne, su kuma sai bayan la'asar suke buɗewa. Murhu babu bututu kasko ne mai tsada. Na zauna a bayan mota hankalina a tashe, ba wayar da zan ji lafiyarsa.

Ƙarfe huɗu da kwata na samu bututu mita uku da gwiwa biyu, da ɗaurin itace guda. A dawowa cunkoso ya tsayar da mu kusan rabin awa daidai ƙofar babban asibitin Shumaisi. Ina ta tsaki ina kallon masu shiga da fita.

Dir'iyya, bakwai saura minti goma

Ɗaki a buɗe, barguna a ƙasa. Usman, Basudanen da ke gadin gonar maƙwabta, ya taho ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce wajen ƙarfe ɗaya ya tsinci Baba a waje a yashe, babu ko hula, numfashi na ƙin fita. Ya kai shi asibitin Shumaisi, ana kiran la'asar ya cika.

Ya ce, "Mun kira ka, ya akhi, ɗan'uwana. Wayar ta yi ta ƙara a ƙarƙashin matashinsa."

Na tambaye shi me ya fitar da Baba cikin wannan sanyi. Ya ce abin da ya iya ji daga bakinsa kalma ɗaya ce, bai san ma'anarta ba: kasko.

Na dawo lafiya, na gode wa Allah, don dole bawa ya gode. Na gode wa Habu da ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya, da Usman da ya ɗauki mutumin da ba nasa ba. Wanda ya san iyalan Baba a Maraɗi ya roƙa mini gafararsu. Murhun na nan a kusurwar ɗaki, ban taɓa hura shi ba. Da gari ya waye Usman ya nuna mini inda ya tsince shi, na auna da ƙafata. Taku biyar ne zuwa bayan tankin.